Matasan injiniyoyi, ku nemi rajistar COREN

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi wa ƙannena injiniyoyi magana.

Da yawansu na ɗauka da zarar sun karɓi digiri sun gama hidimar ƙasa, shi ke nan. Ba haka ba ne. COREN, hukumar da aka kafa a 1970, ita ke ba mutum izinin kiran kansa injiniya a Najeriya, kuma sai ya yi aƙalla shekara 4 yana aiki bayan digiri kafin ya nemi rajista.

Na yi shekara 7 ina jan ƙafa. Ni ke lissafin rodin da za a sa a kowane ginshiƙi, ni ke kwana kan zane, amma sai an kai wa wani mai rajista ya buga hatiminsa. Ranar da aka zo naɗa shugaban aikin wata gada, aka tsallake ni, aka ɗauki wanda na koya wa aiki. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Da na rubuta rahoton ayyukana don neman rajista na zauna gaban manyan injiniyoyi, wani dattijo ya ɗora yatsa kan zanena ya ce in bayyana dalilin kaurin wannan dakali. Gumi ya keto min, amma na amsa. Bayan rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi da ke Legas a 2021, na ƙara gane dalilin irin wannan tsanani.

Yau hatimina ke kan zanena. Ina roƙon manyanmu su riƙa duba rahoton yaran da ke ƙarƙashinsu tun da wuri.

Naka,
Wani injiniya, Kaduna