Malam edita, tutar Nijar ba ta Indiya ba ce

Assalamu alaikum malam edita, ina gaida ku da duk ma'aikatan filin wasanni. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, dan Allah ku karanta shi a shirinku.

Duk ranar da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu Nijar, za ta buga mach sai ka ga a shafukan ƙwallo na Facebook an liƙa mata tutar Indiya, ko a rubuta Najeriya gaba ɗaya, kuma namu yaran ne ke kwafowa su watsa a WhatsApp ba su ko duba ba. Tutarmu ruwan lemu a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa, da rana ruwan lemu cikin farin, tun 1959 haka take. Ta Indiya zagaye ne shuɗi mai karare a tsakiya. A ƙaramin allon waya kam sun yi kama, amma mai watsa labari ai aikinshi ne ya buɗe ido.

Sai haruffan da ake sawa a kusurwar tele. NIG Nijar ce. Najeriya NGA ce wurin FIFA, NGR a wasannin Olympics, amma a fadarmu nan Tawa har shayi ya huce ana gardama wai NIG Super Eagles ne.

Wallahi ba ƙin Najeriya nake ba, dangi muke, daga Konni zuwa Illela taku kaɗan ne. Amma su sun ci kofin Afirka sau 3, sun ci zinare a Atlanta 1996, mu fa? Mena ta je kofin Afirka (CAN) 2012 da 2013, lambobinmu na Olympics kuma biyu ne cak, tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taekwondo a Rio 2016, shekara 44 tsakani, to wannan ɗan abin da muka samu da gumi shi ma a ba maƙwabci don kasalar dubawa?

Wasu ƙasashe ba su wasa da wannan. A Olympics na Landan 2012 aka sa tutar Koriya ta Kudu kusa da hotunan 'yan ƙwallon mata na Koriya ta Arewa, suka fice daga fili, wasan ya yi jinkirin kusan awa guda sai da aka ba su haƙuri. A Paris 2024 ma taken Sudan aka fara sa wa 'yan basket na Sudan ta Kudu, mutanen da suka sha yaƙi kafin su samu ƙasarsu a 2011.

Roƙona ku riƙa cewa Mena ta Jamhuriyar Nijar a cike, ku duba tuta kafin ku sa hoto, kuma ku tuna wa jama'a an canza takenmu a 2023 don har yanzu wasu tsohon suke sawa a bidiyo.

Mai sauraronku daga Tawa.