Wasiƙa zuwa ga Aminu kan wayar da yake shirin saya

Ƙauran Namoda,
Jihar Zamfara.

Assalamu alaikum Aminu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zafin Kano? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma islamiyya. Hajiya tana gaishe ka da kyau.

Na rubuto a takarda na ba direban da ka sani, don ba na son maganar nan ta bi ta wayar abokinka da kake ara. Kuɗin da ka nema na haɗa su, amma Kawunka Sani na tura wa, ba kai ba. Karanta zuwa ƙarshe kafin ka ɓata rai.

Hafsatu ce ta yi suɓutar baki, kuma kada in ji ka yi mata faɗa. Ta ce wani yaro a ɗakin kwananku ya samo maka iPhone a rabin kuɗinta, babu kwali, babu rasit, wai ɗan'uwansa ne ya aiko da ita daga waje, har ka ba da kafin alƙalami alhali ko layinka ba ka sa a ciki ba. Aminu, cinikin biri a sama ke nan. Tun kana firamare kake zama a shagona kana miƙa wa mutane wayoyinsu daga caji. Ban zaci kai ne zan zauna in yi wa wannan bayanin ba.

Bari in fara da mai sauƙin. A Amurka, kamfanonin layi irin su AT&T da T-Mobile suna ba mutum waya ya riƙa biya wata-wata, sai su kulle ta, ba ta karɓar sim ɗin kowa sai nasu. Irin waɗannan suna shigowa cikin gwanjo. Ka sa mata MTN ko Airtel ko Glo, ta ce ba ta san zancen ba. Masu gyara suna da dabara, wani ɗan siririn cip da suke shimfiɗawa tare da sim ɗin don ya yaudari wayar. Na sha ganinsu a kan teburina. Yau sabis ya cika fal, gobe wayar ta sabunta manhajarta ko ka canza layi, ta koma gidan jiya, mai sayarwa kuma lambarsa ta daina shiga. A iPhone ma abin ba a ɓoye yake ba: cikin saiti, wajen bayanin wayar, akwai inda take faɗin ko kamfani ya kulle ta. Ka duba? Na san ba ka duba ba.

Sannan iPhone 14 da aka yi wa kasuwar Amurka a 2022, da waɗanda suka biyo ta, ko ramin sa sim ba su da shi, sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da katin sim ba. MTN da Airtel suna bayarwa, gaskiya ne. To amma ranar da ta faɗi ta mutu kana nan gida, gaya mini yadda za ka zare layin ka sa a ƙaramar wayar Innarka.

Kai da ka san halin garinmu, waya mai sim biyu ce taka. A gidan Hajiya layi ɗaya ke kamawa, shi ma sai an fita bakin rijiya, a gona kuma ɗayan ne ke yi. Ko a buɗe waya take, ba lallai ta kama 4G ɗin kowane kamfani ba, don kowa da zangon da yake watsa sabis ɗinsa a kai. Na Glo yana kan zangon 700, wanda suke kira band 28, kuma ba kowace waya ke da shi ba, sai ka ga tana ta jan jiki a 3G kana zagin kamfani a banza. Shi kuwa 5G da MTN ta fara a 2022, manyan birane aka fara kai wa, kada ka ƙara ko sisi dominsa. Abin da ɗalibi ke buƙata batir ne mai 5000 mAh da zai kai shi dare in babu wuta, da RAM 4GB ko sama, da ma'ajiya 128GB don littattafanku. Tecno da Infinix da ƙananan Samsung duk suna da wannan, sabuwa fil da garantin shekara, kuma in gilashi ya fashe ko a nan Ƙaura akwai mai sa maka wani.

Duk wannan da na lissafa asarar kuɗi ce kawai, kuma kuɗi ana sake nema. Ba shi ya hana ni barci ba.

Wa ya riƙe wayar nan kafin kai? Wannan ita ce tambayata. Kowace waya tana da lambarta ta IMEI, lambobi 15, in ka danna *#06# za ta fito. Ka canza sim, ka goge wayar tas, ka sa mata sabuwar riga, lambar tana nan. Duk lokacin da aka sa layi, kamfani yana ganin wane layi ne ya shiga wace waya. Kuma tun Disamban 2020 da gwamnati ta ce a haɗa layi da NIN, layinka yana ɗauke da sunanka da hotonka da zanen yatsunka. Ranar da ka zura sim ɗinka a wayar nan, ka ɗauki duk abin da aka yi da ita ka ɗora a kanka. In a titin Kano aka ƙwace ta aka soki mai ita da wuƙa, kai za a fara zuwa wa. In kuwa daga daji ta fito, in da ita aka kira wasu bayin Allah aka yi cinikin kuɗin fansa, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, wa zai tsaya ya saurari labarin ɗan'uwan abokinka da ke ƙasar waje? Shi abokin naka a ranar ko sunanka ba zai tuna ba.

Ka manta watan Satumban 2021? An kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya, mutane na hawa mota su tafi wata jiha don kawai su gaya wa 'yan'uwa suna raye. Shagona a rufe ya zauna, kai ka san abin da muka ci a lokacin. Me ya sa aka yi haka? Don hukuma ta san da waya ɓarayin daji ke aiki, da waya infoma ke ba su labari. A nan waya ba kayan ado ba ce. Ka san yaron nan na bayan masallaci da ya sayi waya a tasha don araha. Yana zaune yana ɗinkinsa aka zo aka tafi da shi. Ubansa sai da ya sayar da shanun nomansa yana zirga-zirga. An sako shi, an ce ba shi da laifi, amma je ka ga shagonsa yanzu, kekensa ƙura ta rufe, gidan da ya kai kuɗin aure sun mayar masa. Kalmar infoma in ta manne wa mutum a garin nan, takardar kotu ba ta cire ta. Kai kuma ɗan Zamfara ne mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, a kowane shinge ana iya cewa kawo wayarka.

Kuma duk don me? Don a ga tambarin tuffa a bayan waya? Don yaran da iyayensu ke da shi su daina yi maka kallon ɗan ƙauye? Ɗan ƙauyen ne kai, Aminu, kuma da kuɗin caji naira-naira aka kai ka jami'a. Na san za ka ce Baba ya sake irin ta lokacin babur. To na sake. A lokacin ma wata guda ka yi ba ka cin abinci tare da ni, ban fasa ba, kuma ga ka nan da ƙafafunka biyu. Bayan abin da ya sami Baffa Bala a hanyar Shinkafi, gidan nan ba zai iya ɗaukar wani tashin hankalin ba. Innarka har yau in waya ta yi ƙara bayan isha'i sai hannunta ya kama rawa. Ban gaya mata wannan maganar ba, kuma ba na so ta ji.

Ba rowa nake yi maka ba, Allah ya sani. Abin da na tura ya fi abin da ka nema. Na san kai yaro ne mai hankali, sakamakonka na bara har yanzu yana cikin aljihun rigata ta Juma'a, ina nuna wa mutane ko ba su tambaya ba. Ƙuruciya ce, kowa ya yi ta. Kafin alƙalamin da ka bayar, in ya mayar maka to, in ya ƙi ka bar masa, kada ka yi rigima da shi, ni zan cike maka.

Ranar Asabar ka je wurin Kawunka ku tafi kasuwar waya ta Farm Centre tare. Ku shiga shago mai suna da mazauni, ban da masu tare mutum a bakin hanya. A buɗe kwalin a gabanku, ka danna lambar nan ka ga ta yi daidai da ta jikin kwali, a rubuta ta a rasit da hatimin shago. Ka sa layukanka biyu ka kunna data a kowanne, sannan ka kira ni tun kuna cikin shagon kafin Kawu ya biya. Rasit ɗin ka ɗauki hotonsa, ainihin takardar kuma ka bar ta wurin Kawu. Kada ka sayi sim da aka riga aka yi wa rajista, kada kuma ka yi wa kowa rajistar layi da NIN ɗinka, ko da limaminku ne ya roƙe ka.

Innarka ta sa ƙuli-ƙuli da yaji a leda, na Kawu ne mai ɗaurin ja, kada ka haɗa ka cinye. In hutu ya zo ka shigo motar safe, in ka makara ka kwana a Gusau wurin Gwaggo.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka.