Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan rumbun bayanan da ya cinye diski

Daura, ranar Asabar

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Na ga saƙonka cewa rumbun bayanan SQL Server (manhajar Microsoft ta adana bayanai) na kamfanin da kake wa aiki a Katsina ya kusa cika diskin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shi, fayil ɗin log ya ninka na bayanai girma, kuma mai gidanku yana so ka matse shi kafin a shiga hada-hadar sayar da taki. Kada ka fara da matsewa. Fara gano abin da ya kumbura shi, in ba haka ba ko wata ba za a yi ba zai koma yadda yake.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki cikakken bakof, wato kwafin ajiya na rumbun, ka dawo da shi a wata na'ura daban, ka gudanar da DBCC CHECKDB, umarnin da ke duba lafiyar rumbun, a kai. Bakof ɗin da ba a gwada dawo da shi ba, kada ka dogara da shi.

Log ne babbar matsalarku. Duk wani canji sai an fara rubuta shi a log kafin ya shiga fayil ɗin bayanai. Idan rumbun yana kan tsarin FULL, wanda ke riƙe log don a iya dawo da bayanai har zuwa wani lokaci takamaimai, ba a sake amfani da wurin da aka riga aka rubuta sai an ɗauki bakof ɗin log ɗin kansa. Cikakken bakof na kowane dare ba ya buɗe wannan wuri, kuma nan ne mutane da yawa suke tafka kuskure: suna ganin suna bakof kullum, log kuwa yana ta tsawo har ya buga kuskure mai lamba 9002, aiki ya tsaya cak ana tsaka da ciniki.

Shiga sys.databases ka duba abin da log_reuse_wait_desc ya nuna. Idan ya ce LOG_BACKUP, abin da na faɗa ne, sai ka saita bakof ɗin log duk minti 15, a ajiye shi a wani diski daban. Idan ya ce ACTIVE_TRANSACTION, wani ne ya buɗe aiki bai rufe ba, DBCC OPENTRAN zai nuna maka shi. Nemi mai aikin ku yi magana kafin ka kashe shi, don warware abin da ya riga ya yi yana iya cin lokaci kamar yin sa. REPLICATION ko AVAILABILITY_REPLICA kuma na nufin sabar da ake tura wa kwafin canje-canje ce ba ta karɓa, can za ka gyara.

Wasu za su ce maka ka mayar da rumbun tsarin SIMPLE, inda log ke buɗe wuri da kansa ba tare da bakof ɗin log ba, ka huta. Wannan ba hukuncinka ba ne kai kaɗai. Tambayi mai gida: in diski ya mutu da la'asar, zai jure asarar cinikin tun safe? A SIMPLE iyakar abin da za ka dawo da shi shi ne bakof na ƙarshe. Ga mai bayar da kaya bashi ga dillalai, ni ba na ba da wannan shawara. In kuma ka sauya na ɗan lokaci, ka sani ka yanke jerin bakof ɗin log, dole ka ɗauki cikakke ko na bambanci (mai ɗauke da abin da ya canza tun cikakken bakof na ƙarshe) da zarar ka dawo FULL.

Sai bayan wannan za ka kira DBCC SHRINKFILE, umarnin matse fayil, da sunan fayil ɗin log da girman da kake so a megabait. Daga wutsiya kawai yake yankewa. Log a ciki kashi-kashi ne, ana kiransu VLF, in kashin da ake rubutu a ciki yana can ƙarshe ba zai ragu ba, sai ka sake bakof ɗin log ka maimaita. Kada ka bar shi ɗan mitsitsi. Mayar da shi girman da aikinku mafi nauyi yake bukata, galibi sake gina indeks (jerin da ke hanzarta bincike a tebur) mafi girma, ka sa ƙaruwarsa a tsayayyen adadi kamar megabait 512, ba kashi 10 cikin 100 ba. Log ɗin da ya girma a ɗan ƙanƙanin mataki yakan tara VLF dubbai, shi ya sa in wuta ta ɗauke saba ta tashi, rumbun ya daɗe bai buɗe ba.

Fayil ɗin LDF kuwa, wato fayil ɗin log kansa, kada ka kuskura ka goge shi. Ka manta kuma da tsohon umarnin nan na yanke log ba tare da bakof ba, TRUNCATE_ONLY, da ke yawo a intanet, an cire shi tun SQL Server 2008.

Fayil ɗin bayanai kuwa ya fi son haƙuri. Yi amfani da sp_spaceused ka ga teburan da suka fi nauyi. Yawanci biyu ne ko uku: na bin sawun ma'aikata, da na hotunan rasit da aka cusa cikin rumbun. Zauna da akanta ya faɗa maka shekarun da dokar haraji ta ce a riƙe, sauran ka kwashe su zuwa rumbun ajiya. In manhajar ta wani kamfani ce kuka saya, kada ka goge daga tebur kai tsaye, bi hanyar da suka tanada. Gogewa kuma kaɗan-kaɗan, layi kamar 4,000 a zagaye ɗaya, saboda in makullan da ake sa wa layukan da ake gogewa sun kai wajen 5,000 SQL Server yakan kulle teburin gaba ɗaya, masu karɓar kuɗi su tsaya. Goge miliyoyi a tashi ɗaya zai sake kumbura log ɗin da ka gama gyarawa.

Duba dunƙule bayanai na PAGE ma, wanda ke rage girman bayanan cikin tebur, daban da matse fayil. Tun SQL Server 2016 SP1 yana cikin nau'in Standard, kuma sp_estimate_data_compression_savings zai gaya maka ribar kafin ka yi.

Bayan gogewa fayil ɗin ba zai ragu da kansa ba, kuma ba laifi ba ne, cinikin baɗi zai cike wurin. Matse shi sai in ka buɗe wuri mai yawa da ba za a bukata ba nan kusa. Abin da matsewa ke yi shi ne kwaso shafukan ƙarshe tana cusa su duk inda ta ga gurbi a gaba, kamar yaron shago da ya tura kaya kowane lungun kanta don ya share bakin ƙofa. Indeks sai ya wargaje, bincike ya yi nauyi. In ka sake gina shi da REBUILD fayil ɗin ya sake girma, don haka REORGANIZE, mai daidaita indeks a wurinsa, ya fi dacewa a nan. Yi matsewar gigabait kaɗan-kaɗan, da dare, bayan ka tabbatar da inbata da man janareta. Ana iya tsayar da ita a tsakiya ba tare da an rasa abin da ta riga ta yi ba. AUTO_SHRINK kuma, saitin da ke matse fayil da kansa, ka kashe shi.

Turo min sakamakon log_reuse_wait_desc da sunayen manyan tebura biyar kafin ka goge ko layi ɗaya. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka