Rabon kayan taimako a majami'u: a daina duban fuska

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana Kirista, musamman dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata.

Ni 'yar zumuntar mata ce a nan Yola. Duk ƙarshen shekara ina cikin masu auna masara da shinkafar da jama'a suka kawo a bikin godiya domin gwauraye da marayu, kuma abin da nake gani a wajen rabon yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kafin a kwance bakin buhu an riga an rubuta sunaye, na sama kuwa 'yan yarenmu ne da dangin dattawa. Matar da gudun hijira ya kawo daga Michika ko Madagali, wadda ba ta da kowa a kwamiti, sai ta yini a rana da ɗa a goye, har a kai gindin buhu, a zuba mata mudu biyu a ce, "Mama, ki yi haƙuri." Wata kuwa har gida ake kai mata nata, alhali ɗanta yana karɓar albashi. Wanda ya yi magana sai a ce yana neman raba kan ikkilisiya.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi da ke jin Helenanci, wato yaren Girka, a Urushalima sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tsawata masu ba, ba su kuma ce a rufe maganar don kada a ji kunya ba. Tara jama'a suka yi, aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus da Nikolas mutumin Antakiya, wanda asalinsa ma ba Bayahude ba ne. Dukansu bakwai sunayen Helenawa gare su. A fahimtata, an damƙa mudun ne a hannun ɓangaren da aka ƙware. Mu yau wa muke damƙa wa? Wasiƙar Yakubu sura 2 ma ba ta ɓoye ba: a ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya can, zunubi ta kira shi.

Kada wani ya ce mini abin ba ya yiwuwa a zamaninmu. Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba na 2014, dubban mutane suka kwararo Yola, Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika ya buɗe masu harabar majami'ar St. Theresa, ba a tambayi kowa yarensa ko addininsa kafin a ba shi abinci ba. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da ya gina wa 'yan gudun hijira a Sangere-Marghi, ƙaramar hukumar Girei, tare da majami'a da masallaci. Ni ba 'yar Katolika ba ce, na kuma san akwai Kiristocin da ginin masallacin bai yi masu daɗi ba, amma a ganina ya yi daidai. In an iya yi wa maƙwabci Musulmi haka, ina dalilin tauye 'yar'uwar da muke cin jibin Ubangiji tare da ita?

Roƙona ga fastoci da dattawa shi ne, kafin bikin godiya na bana a sa aƙalla mace ɗaya daga cikin baƙin nan a kwamitin rabo. A bi gida-gida a ga halin da kowace gwauruwa ke ciki kafin a rubuta suna, sannan a auna a gaban jama'a, da mudu ɗaya ga kowa.

Taku mai karatu,
Wata 'yar zumuntar mata, Jimeta, Yola