Haɗaka irin ta Jamus: a rubuce take, kowa na iya karantawa

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan sam min fili in tofa albarkacin bakina kan maganar haɗaka ɗin nan da ta cika gari, ko wurin mai shayi ka zauna a Tudun Wada zancen kenan, amma ni misalina daga Jamus zan ɗauko shi, wata jiha a gabashin ƙasar da ake kira Turingiya.

Ranar 1 ga Satumba 2024 suka yi zaɓe. Su can ba a zaɓen gwamna kai tsaye kaman mu, 'yan majalisa ake zaɓa su kuma su zaɓi wanda zai ja gwamnati. Kujeru 88 ne, AfD masu ƙyamar baƙi suka kwashi 32, CDU masu ra'ayin mazan jiya 23, sabuwar jam'iyya BSW da Sahra Wagenknecht ta kafa a farkon shekarar ta samu 15, Die Linke masu ra'ayin gurguzu 12, SPD masu sassaucin ra'ayin gurguzu 6. Da nan ne ai shikenan an gama, wanda ya zo na ɗaya ya fara ɗinkin babbar riga. To amma duk sauran sun ce ba za su zauna inuwa ɗaya da AfD ba, ita kuma CDU tun 2018 ta yanke cewa ba ta haɗa gwamnati da Die Linke ma, saboda haka abun da ya rage shine CDU da BSW da SPD, ka lissafa 44, rabi cif ba ƙari ko ɗaya.

Wajen da nake so mutanenmu su duba shine yadda suka ƙulla abun. Wata uku da 'yan kwanaki ana zama ana tashi, ana ja-in-ja kan makarantu da kuɗin ƙananan hukumomi da 'yan ci-rani, har kan yaƙin Yukiren sai da aka kusa watsewa don Wagenknecht ta nace sai an sa maganar sulhu a gabatarwar yarjejeniyar, alhali jiha ba ta da ta cewa a harkar ƙasashen waje, wallahi wannan kam ni rigima na ɗauke shi. Amma a ƙarshe komi a takarda aka rubuta, aka sake shi a intanet, SPD ma sai da ta kai wa 'ya'yanta suka kaɗa ƙuri'a kafin ta sa hannu. Rabon ma'aikatu ma ba ɓoye-ɓoye, CDU ministoci huɗu da shugaban gwamnati, BSW uku ciki har da kuɗi da aka ba Katja Wolf, SPD biyu, Georg Maier ya ci gaba da riƙe harkokin cikin gida. Ranar 12 ga Disamba majalisa a Erfurt, babban birnin jihar, ta zaɓi Mario Voigt na CDU a matsayin shugaban gwamnati da ƙuri'a 51, ka ga akwai bakwai da suka zo daga waje, bayan 'yan haɗakar sun yi alkawarin za su riƙa tuntuɓar Die Linke.

Ba wai ina cewa waliyyai bane fa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu zaɓe AfD suka dangwala wa kuma an bar su a adawa, ni duk da ba na son aƙidarsu abun ya ɗan tsaya min a rai, sannan gwamnatin da sai ta lallaɓa 'yan adawa kafin kasafin kuɗi ya wuce ai ba ta barci da ido biyu rufe.

Mu kuwa a 2013 da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, waye a cikinmu talakawa ya ga abun da aka yi alkawari a tsakaninsu, shi ya sa har yau kana jin guna-guni wai an ci amanar ɓangare kaza, kuma ba takardar da za a ɗauko a raba gardama. Yanzu ga ta ADC ta taso tun Yulin 2025. Malam Edita ka tura wakilanka su tambaye su, me kuka amince a kai game da tsaro da wutar lantarki da takin zamani, wa zai riƙe me, in akwai a rubuce ku buga mana shi a jaridar nan da Hausa mu karanta.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya