Sanarwa ga iyaye: shirye-shiryen kaka da batun yunifom

Assalamu alaikum iyayen yara, barkanmu da war haka.

Ranar 1 ga Oktoba hutun samun ƴancin kai ne, babu makaranta. Ranar 5 ga wata kuma Ranar Malamai ta Duniya ce, kuma bana muna so mu ɗan karrama malamanmu. Ba kuɗi muke nema ba. Mai iya kawo zoɓo ko ƙosai, ko ya zo ya taya mu shimfiɗa tabarmi, ya rubuta sunansa a nan.

Taron iyaye da malamai zai kasance Asabar ta biyu a watan, ƙarfe 10 na safe. Iyaye maza, don Allah ku zo da kanku, kada a bar wa iyaye mata kaɗai.

Mun san lokacin girbi ne, ga yankan gero ga cirar gyaɗa, kowa na buƙatar hannu. Amma yaron da ya yi mako guda a gona, kafin ya kamo ƴan ajinsu sai malami ya sha wahala, shi ma ya sha. A bar aikin gona zuwa yamma ko ƙarshen mako.

Batun sutura: cikakken yunifom, mata da farin hijabi, sandal da safa, ban da silifas. Hunturu na tafe, rigar sanyi ta zama shuɗiya marar rubutu. Wanda ɗinki ya yi wa nauyi ya ga hedimasta a keɓe, ba za a kori ɗansa ba. Yunifom ɗin da ya yi wa yaranku kaɗan, ku kawo ofis, akwai masu buƙata.

Sakataren kwamitin iyaye