Godiya ga ofishin College of Arms da ke Landan

Ni tela ne, ina ɗinki da surfani a Ingila. Wani dattijo ɗan ƙungiyar masu kwaikwayon yaƙin zamanin da, waɗanda ke sa sulke su fita fili da takubba ranar Asabar, ya kawo mini aikin tuta. Tsohuwar tutar, asu ya cinye ta. Abin da ya rage takarda ce mai cewa a zana zaki "domant". Shi kansa bai san yadda zakin yake ba.

Na bi reshen ƙungiyar da ke da tutar. Sau uku ina aika saƙo, shiru kamar an shuka dusa. Lambar wayarsu ba ta shiga. Uwar ƙungiya kuwa sai bayan wata guda ta amsa da layi ɗaya, wai reshen ya daina aiki, ya zama "domant". Kalmar da ta hana ni barci, ga ta an sake jefo mini!

Da na rasa tudun dafawa sai na rubuta wa College of Arms, ofishin kula da alamomin garkuwa da tuta na Ingila da Sarki Richard na Uku ya kafa a 1484. Na ɗauka wurin manya ne, ba za su kula tela ba. Wallahi jami'in da ke bakin aiki a makon ya ba ni kunya. Ya bayyana mini cewa kalmomin daga tsohon Faransanci suke. "Domant" zaki ne kwance, kansa bisa dagi, ido rufe. In ya ɗaga kai ya zama "kaucant". "Ramfant" shi ne wanda ya miƙe kan ƙafar baya, kamar jan zakin Sikotland, su kuwa zakuna uku na Ingila tafiya suke suna kallonka.

Sai ya ƙara abin da ban tambaya ba: dama a garkuwa damar mai riƙe da ita ce, ba ta mai kallo ba. Da ban ji wannan ba, da na juya zakin baibai, na yi asarar zaren zinare na mako biyu.

Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri. Wasu ofisoshin, nan da gida, tambaya ɗaya sai an tura ka tebur huɗu, ƙarshe a ce mai sa hannu ya fita, ka dawo gobe. Tutar dai na gama, dattijon ya karɓa, zaki na ta sharar barcinsa.